Agwagwar Da Ta Zauna A Fuskar Yaya

Shafi na 14

Masu cika min waya da saƙo tun safe, to ga shi, ku bar ni na sha ruwa. Wadda kuma ta rubuto cewa Auta muguwa ce, ki karanta wannan tukuna, sai ki dawo mu yi ta.

*

Ban jira mai tasi ya gama tsayawa ba na dire. Jakar kwamfuta na dukan ƙuguna, takalmi ɗaya na neman ficewa, haka na faɗa cikin gida.

Tun daga bakin ƙofa na ji muryar.

Muryar Yaya ce, cike da falonmu.

Na tsaya cak. Wallahi sai da na dafa bango.

Wata biyar ke nan ni da Anti, matar Yaya, muna shirga wa Umma ƙarya. Mun ce mata wurin aiki sun tura shi wani gari mai nisa. Alhali yana nan cikin gari, sau uku a mako ana yi masa wankin ƙoda. Shi ya sa mu rantsuwa, saboda hawan jinin Umma ba ya son labari.

Ni kuma aikina a gidan talabijin shi ne ɗora talla a kan shirye-shirye. Layin nan da ke gudu a ƙasan allo yana hana ku karanta sunan mai magana, ni ce. Agwagwar kamfanin sabulun nan, rawaya, mai kaɗa fiffike a kusurwar dama ta sama, ita ma ni ce. Ku zage ni, na saba. Umma ma kullum sai ta zagi agwagwar nan kafin ta zauna kallo.

Yau shirin lafiya ya iso teburina saura rabin sa'a a watsa shi. Ina gudu da hoton ina sa alamar wurin talla, sai ga Yaya a kan gadon asibiti, ana hira da shi. Ban yi tunani ba. Na jawo agwagwa daga kusurwarta, na buɗa ta har ta yi girman faranti, na zaunar da ita a kan fuskarsa. Na sako layin talla ya rufe rubutun ƙasa. Na tura, na suri jaka, na fito da gudu don na riga shirin isa gida.

Abu ɗaya na manta.

A ɗakinmu ba ma aiki da sauti. Mu huɗu ne, kowa da shirin da yake yi wa talla, don haka an cire sifikoki tun kafin a ɗauke ni aiki. Ido muke aiki da shi, sai agogo. Shekara biyu ina kallon mutane suna motsa baki ba na jin su, har na manta cewa a gidajen jama'a talabijin magana yake yi.

Na rufe fuska, na bar murya.

Umma tana tsaye a gaban talabijin, dab da shi, rimot ya faɗi a ƙasa batir ɗinsa ya yi gefe. Tana karkata kai hagu, tana karkata dama, kamar mai son leƙa bayan labule. Ta sa gefen mayafinta tana goge gilashin.

Agwagwa kuwa tana nan daram, tana kaɗa fiffike.

Muryar Yaya ta ci gaba, a hankali, yana hutawa tsakanin kalmomi.

"Likita ya ce wankin ya daina riƙe ni. Sai dashen ƙoda. Shi ya sa na yarda na fito. Lambar da kuke gani a ƙasan nan ta ofishin sashenmu ce. Duk ɗan uwa, na kusa ko na nesa, da zai iya zuwa a gwada jininsa, don Allah ya kira."

Na kalli ƙasan allon.

Babu lamba. Layina ne ke gudu a wurin, ja da fari: FARI TAS, ƘAMSHI HAR GOBE.

Dashe? Ni ban taɓa jin maganar dashe ba. Ni abin da aka ce min, wata shida zai yi ya warware.

"Sai magana ta biyu," in ji Yaya. "Mahaifiyata. Na san ba ta fashin shirin nan, saboda sunan autarmu yana fitowa a ƙarshe. Umma, na yi miki ƙarya. Na kasa zuwa gabanki da wannan fuskar. To ga ta nan, ki gani. Ki dube ni ki yafe min."

Agwagwa ta kaɗa fiffike sau biyu, kamar yadda na saita ta.

Aka sako kiɗan tallan sabulu.

Umma ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu da ya fi min sauƙi. Ta juyo a hankali ta gan ni jingine da bango.

"Auta."

"Na'am, Umma."

"Muryar wa na ji yanzu?"

"Umma, ki zauna tukuna. Kin sha maganinki?"

"Ban tambaye ki magani ba. Muryar wa?"

"Mutane suna kama da juna a murya, Umma..."

"Ya ce autarmu. Ya ce sunanta yana fitowa a ƙarshe. Auta nawa ce ke fitowa a ƙarshen shirin nan?"

Na sunkuyar da kai.

Ta nuna talabijin da yatsa.

"Shekara biyu tsinanniyar agwagwar nan tana can sama, a dama. Ta rufe hular mai labarai, ta rufe ƙwallo ana shirin ci, ta rufe agogo. Sau nawa na ce miki ki matsar da ita? Me kike ce min?"

"Na ce... ba a taɓa ta."

"Faɗa da ƙarfi."

"Na ce ba a taɓa ta, wurinta a rubuce yake."

"To yau wa ya sauko da ita?"

"Umma..."

"Da ƙafarta ta sauko? Ta duba duk mutanen da ke asibitin nan, ba ta ga fuskar da ta yi mata ba sai ta ɗana?"

Na zube a gabanta.

"Ni ce, Umma. Ni na sa. Wallahi tsoro na ji, kada ki gani ki faɗi. Ban san abin da zai ce ba, ban ji ba, ba mu da sauti a ɗakin."

"Ba ku da sauti."

"Ba mu da shi."

"Ɗana yana roƙon ransa a gaban duniya, ke kuma kin ɗora masa sabulu a baki, saboda ba ku da sauti."

Wannan maganar har yanzu tana min yawo a kunne. Da mari ta kwaɗa min da na gode mata.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Wata biyar."

"Wata biyar yana kirana yana ce min garin babu sabis ɗin kiran bidiyo. Ni kuma kamar wata sakarya ina ce masa ya riƙa rufe jikinsa da sanyi. A ina yake?"

"Yana nan cikin gari. Makon jiya aka ba shi gado."

Ta dafa kujera ta zauna a bakin hannunta. Na miƙe zan ɗauko mata ruwa, ta ɗaga min hannu.

"Wa ke kula min da shi?"

"Anti tana kwana. Ni ina zuwa in na tashi aiki. Akwai kuma wata Iya mai shara a sashen, ta ɗauke shi kamar ɗanta. Ita ke gyara masa matashi, ita ke yi masa fifita in wuta ta ɗauke. Ko ranar hutunta sai ta zo."

"Mai shara ta san ɗana ba shi da lafiya, ni ban sani ba."

"Ki yi haƙuri, Umma."

"Ke an gwada naki jinin?"

Sai a lokacin abin ya faɗo min.

"Wata biyu da suka wuce Anti ta kai ni aka ɗiba. Ta ce don ajiya ne. Ashe wannan ne. Shi ya sa likitan ya yi ta kallon takarda yana kallona, har ya tambaye ni wai uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya da Yaya? Na yi dariya na ce ina ma laifi."

Umma ta ɗago da sauri.

"Ya tambaye ki haka?"

"E."

"Sai me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Ya ce na tafi."

Ta kawar da kai ta kama gyaran mayafinta, alhali babu abin da ya same shi.

Wayata ta hau ruri a cikin jaka. Manaja. Na so na ƙi ɗauka, Umma ta ce, "Ɗauka, ki sa na ji. Yau dai a gidan nan akwai sauti."

Na ɗauka.

"Ke!" Ko sallama babu. "Kina ina? Kin san abin da kika yi?"

"Ranka ya daɗe, ina..."

"Wayoyin ofis duk sun ɗauki wuta! Mutane sun ɗauki hoton allon suna ta yaɗawa. Mara lafiya yana kuka, agwagwa tana rawa a kansa! Masu sabulu sun kira sau huɗu, suna tambaya wane mahaukaci ne ya mai da tambarinsu abin tsinuwa. Asibiti sun kira, wai mun rufe musu lamba. Wa ya ba ki izinin taɓa tambarin nan?"

"Babu kowa."

"Kin san mutumin ne? Gaba kuke da shi?"

"Yayana ne, ranka ya daɗe."

Ina jin hayaniyar ofis a bayansa.

"Yayanki."

"E."

"Inna lillahi. Yarinyar nan, kanki ɗaya kuwa?" Ya ja numfashi. Muryarsa ta sauko kaɗan. "To saurara. Gobe ƙarfe tara na safe za mu maimaita shirin. Babu agwagwa, babu layi, babu komai a kan allon nan. Masu sabulun da kansu suka ce a cire. Fuskarsa da lambar su fito tsaf, kowa ya gani. Da hannunki za ki gyara, ki turo min kafin takwas. Maganar aikinki kuma sai mun zauna."

Ya kashe.

Umma ta kalli jakar da ke ƙasa.

"Yana cikin abin nan naki?"

"Me?"

"Ɗana. Ba tare da agwagwa ba."

"Yana ciki. Amma Umma, ki bari ki sha magani, ki bari Anti ta..."

"Ya ce na dube shi. Buɗe."

Na ɗora kwamfutar a kan ƙaramin tebur. Sai a karo na uku na sa lambar sirri daidai. Na nemo wurin, minti na goma sha ɗaya. Hoton ya tsaya cak. Gado, bututun jini biyu, hannun Yaya a kan bargo, sai agwagwa a inda kai ya kamata ya kasance.

Umma ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, kafaɗarta tana taɓa tawa. Ina jin bugun zuciya, nata ne ko nawa, ban sani ba.

"Yaya ake cire ta?"

"Ja ake yi. A danna a kanta, a ja gefe."

"Ja a hankali."

Na danna. Na fara ja zuwa dama.

Kunnensa ya fara fitowa. Sai kunci. Kuncin da Umma ke tsokana tana cewa ya cinye rabon mutum biyu, yanzu ƙashi ne da fata. Ya yi baƙi, ƙasan idonsa ya kumbura. Ni na saba ganinsa haka, amma da na gan shi da idon Umma sai na ji kamar yau na fara.

Ta sa yatsa a kan gilashin, a daidai goshinsa.

"Babana," ta ce. Haka take kiransa in ta ji tausayinsa. "Babana, me ya cinye ka haka? Na yafe. Wallahi na yafe. Me ka yi min da zan ƙi yafewa?"

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Tashi ki nemo mota. Yanzu za a kai ni. Ƙoda biyu gare ni, su ɗauki wadda suka ga dama."

"Umma, da hawan jininki ba za su yarda ba."

"Su suka haifa min... su ke da shi? Ƙarasa cire abin nan, har yanzu fiffikenta yana kan kafaɗarsa."

Na ja agwagwar gaba ɗaya na wurga ta can kusurwa.

Ashe ba mutum ɗaya na rufe ba.

A bayan kafaɗar Yaya, dab da kansa, akwai wata fuska. Ta sunkuyo tana gyara masa matashi, ta ɗago ido daidai lokacin da aka ɗauka. Tsohuwa siririya, da rigar aiki shuɗiya, da wani tabo da ya raba girarta ta hagu biyu. Da na buɗa agwagwa ɗazu cikin sauri, ban ma lura da ita ba.

"Ga Iyar da nake ba ki labari," na ce. "Mai shara."



Na juya. Yatsanta yana nan a kan gilashi, amma kukan ya tsaya cak, kamar an rufe famfo. Bakinta a buɗe. Fuskarta ta yi wani irin fari da ban taɓa gani ba, ko ranar da Abba ya rasu.

"Umma?"

"Ƙara girman nan."

Na ƙara. Tabon ya cika rabin allo.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." A hankali ta faɗa, sau uku. "Tun yaushe matar nan take wurin?"

"Ta ce mako biyu bayan an fara yi masa wanki ta nemi a mai da ita sashen. Umma, kin san ta ne?"

"Me take ce masa?"

"Babu komai. Sannu, sannu. Wani lokaci in yana barci sai ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallonsa. Har Anti tana tsokanarta wai ko kishi za su yi."

"Ta taɓa tambayar labarina?"

Na yi tunani.

"Sau ɗaya. Ta ce mahaifiyarku tana nan lafiya? Na ce lafiya lau. Ta ce Allah ya saka mata."

Umma ta damƙe hannuna, wanda ke kan kwamfutar. Ban san tana da ƙarfi haka ba.

"Mayar da ita."

"Wa?"

"Agwagwar. Mayar da ita inda kika sa ta."

Na zuba mata ido. Matar da ta shekara biyu tana tsine wa agwagwar nan, matar da yanzun nan ta gama wanke ni tas a kanta.

"Umma, kin ji abin da Manaja ya ce. Gobe babu komai a kan allo."

"To ki rufe gefen nan kawai. Ki sa sabulun, ki sa layin, ki sa duk abin da kuke sawa. Ai kin iya."

"Kansu a haɗe yake. In na rufe ta, na rufe rabin fuskarsa. Kuma yanzu idon kowa yana kaina, ko ɗigo na sa sai an gani."

"Gobe duk dangin ubanku za su zauna gaban talabijin, tunda labari ya bazu. Gwaggonku babba ta san tabon nan. Tana ganinsa za ta ɗaga waya."

"Ta ɗaga ta ce me? Umma, wace ce matar nan?"

Ta ƙara matse hannuna.

"Umma, Yaya ya ce wankin ya daina riƙe shi. Ni na riga na ci masa rana ɗaya da hannuna. Ba zan sake rufe shi ba sai kin gaya min abin da nake rufewa."

Ta saki hannuna. Ta dubi Yaya a allon, ta dubi tsohuwar, ta sake duban Yaya. Sai a lokacin na ga abin da na yi wata biyar ina kallo ban gani ba. Goshin iri ɗaya. Yadda kunnen ya ɗan tashi, iri ɗaya.



"Likitan nan bai yi tambayar banza ba," in ji Umma. Muryarta kamar ba tata ba. "Jininki ba zai yi ba. Nawa ma ko babu hawan jini, da wuya ya yi. Duk wanda zai kira lambar nan gobe, a bayanta yake."

"A bayan wa?"

"Kwanansa tara a duniya matar nan ta miƙo min shi. Ta rantse ba za ta sake nuna fuskarta ba, ni kuma na rantse ba zai taɓa sanin ba ni na haife shi ba."

Na sake duban fuskokin biyu a allon.

Wayar Umma ta yi ƙara a kan kujera.

Mu biyu muka kalle ta. Sunan da ke kan allo: BABANA. Kuma kiran bidiyo ne, na farko cikin wata biyar.

"Ɗauka, Umma."

"Ba zan iya ba."

"Ya ce ki dube shi."

Ta share fuska da mayafi, ta gyara ɗaurin kanta, ta ƙaƙaro murmushi. Ta danna.

Fuskar da ta cika wayar ba ta Yaya ba ce. Tabon ne, da idanu jajaye, a bayanta kuma ma'aikatan jinya suna wucewa da gudu.

"Hajiya," in ji Iya mai shara. "Wayarsa ce a hannuna, yanzu jikinsa ya rikice aka shiga da shi ciki. Shekara talatin da huɗu na riƙe miki alkawari. Likita yana tsaye yana tambaya ko akwai wani na jininsa a kusa. Ki gaya min abin da zan ce masa."